Hannun Baba Datong a Bango

Ƙanwata Klaudiya ita ce autar gidanmu, ni ce babba. Sunana Kaneng, amma a Tina Junction ba wanda ya san wannan sunan, Maman Faith ake ce mini. A nan nake soya dankali da awara a bakin titi, jikin rumfar Baba Datong mai facin taya. Kwanan nan duk wanda ya tsaya saye sai na tsare shi da labarin yarinyar nan, har direbobin keke sun fara cewa, "Maman Faith, abeg zuba mana dankali, jiya ma mun ji." To tunda su sun gaji, ku bari in ba ku, don ni bakina ya ƙi rufuwa.

Klaudiya tun tana ƙarama hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Gawayi ba ya kwana a gidanmu na Anguwan Rukuba, duk a bango yake ƙarewa. Mama ta yi duka har ta gaji. Babanmu ne yake tare mata, mutumin da haƙar kuza ta cinye wa ƙirji, yana zaune yana tari yana cewa a bar masa yarinya. Wata rana ta zana shi yana barci baki buɗe, har da ƙuda a kan hanci. Duk wanda ya shigo sai ya yi dariya, Baba kuma ya hana a goge. Ni kam da ƙyar na gama firamare, karatu ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, muka rabu lafiya na kama kasko. Amma na ce wannan yarinyar sai ta kai inda ban kai ba.

Lokacin da Baba ya rasu tana sakandare. Ita ta bi kawunmu wani shagon kwamfuta a Terminus don a yi fostar jana'iza, ta tsaya a kan mai shagon tana cewa a matsar da hoton nan, a rage wancan. Mutumin ya juyo ya dube ta, ya ce in ta taso makaranta ta riƙa zuwa. A nan ta koyi kwamfuta. Daga baya ta samu shiga babbar makaranta, karatun da suke ce wa dizain.

Na taɓa tambayarta, "Auta, wai zane ma sai an je makaranta?"

Ta ce, "Yaya, kin san kwalin maganin ɓera? Me ke jikinsa?"

Na ce ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa.

"Kin taɓa karanta rubutun?"

"Ina ruwana da rubutu, ba ga kai ina gani ba?"

Ta ce, "To shi ne karatunmu. Yadda hoto zai yi wa mutum magana tun bai karanta komai ba."

A shekarar ƙarshe akwai babban aiki da suke ce wa furojet, in ba ka ci shi ba babu takardar gamawa. Bara ta faɗi. Ta yi wasu hotuna irin na ƙasar waje, da kofin shayi da tabarau da dogayen gidaje, ni dai sun burge ni. Malaminsu Oga Obum, wani siririn mutum da ba ya rabuwa da suwaita ko rana na dukan ƙasa, ya duba ya duba, ya ce da wa take magana a Jos? Ya mayar da ita. Dokar makarantar kuma in ka sake faɗuwa sai ka tattara kayanka. 'Yan ajinsu suka wuce, ita ta koma zama da na bayanta.

Bana sai ya kafa musu ƙa'ida. Ba a cikin aji za a kafa aikin ba, a titin unguwarku. Babu rubutu ko harafi ɗaya. Ranar dubawa shi da wasu malamai za su zo da ƙafarsu, su tare mai wucewa su tambaye shi me ya gani. Abin da mutumin titi ya faɗa, shi ne makinki.

Klaudiya ta ce kullum fuskar 'yan siyasa ce a bango, waɗanda ke riƙe da unguwa ba wanda ya taɓa manna su, ita za ta manna. Ta ɗauki hoton Baba Datong. Ta ɗauki na Jummare mai nono, Bafulatanar da ke saukowa daga rugarsu ta bayan duwatsu, wadda muke zama wuri ɗaya da ita tun kafin in haifi Faith. Akwai wasu ma, masu wanki da ɗinki. Duka sun yarda, har Baba Datong ya koma gida ya sa rigar cocinsa da hula, ya zauna ƙiƙam ba murmushi. Ta buga su manya-manya, baƙi da fari, fuska ce kawai tana kallonka. A aji har tafa mata aka yi. Sai ta ce bari ta manna da wuri, ido ya saba kafin malamai su zo.

Ni na dama mata kokon sitaci. Ranar Lahadi da sassafe kafin coci muka fita, tana shafawa ina riƙewa. Kowa muka sa shi inda aka san shi, a falwayar ƙofar gidansa, a bangon lungunsu, a bakin rumfarsa. Na ja baya na kalli Baba Datong a jikin falwaya na ce kai, sai ka ce gwamna. Mu da muka san mutanen nan suna da rai, ba mu ga komai ba sai kyau.

Amma a unguwarmu, in ka fito ka ga fuskar maƙwabcinka a falwayar ƙofar gidansa, da rigar coci, ba ya dariya, kuma ba lokacin zaɓe ba ne, abu ɗaya yake nufi, ya rasu. Ba wanda ke tsayawa neman rubutu. Hannu ake ɗorawa a ka.

Baba Datong kuwa tun ranar Asabar ya tafi ƙauye duba gonar dankalinsa, wurin da waya ba ta kamawa. Matarsa Mama Ana ta fito za ta coci, ta tarar da mutane sun taru a falwaya suna kuka. A wurinmu ba a gaya wa mace mutuwar mijinta kai tsaye, sai manya sun zo sun zaunar da ita. Da ta ga kowa yana kawar da ido, sai ta ɗauka kowa ya sani ita ce ta ƙarshe. Ta zube a wurin. Dama tana da hawan jini. Kafin mu taso coci an kai ta asibiti, matan zumunta sun kama hanyar gidan da itace da kujeru suna waƙa.

Na Jummare ya fi muni. Wani ya ɗauki hoton da waya ya tura, wani ya ƙara masa magana, wai an kashe mai nono a Anguwan Rukuba. Ku da kuka san Jos kun san abin da irin wannan magana take iya yi. Na ga masu shago suna jan ƙofa, keke suna juyawa a tsakiyar titi, mata suna gudu suna kiran sunan 'ya'yansu. Klaudiya kuwa ta cire takalmin coci tana bin falwaya ɗaya bayan ɗaya, tana yagar aikinta da farce har yatsunta suka yi jini, tana ihu, "Suna da rai! Wallahi suna da rai! Ni na manna!"

Allah ne ya tsare. Mijin Jummare, Abdulmuhaimin, ya ɗauko ta a babur ya kawo ta ƙofar mai unguwa, ta tsaya kowa ya gan ta da idonsa. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Maman Faith, mun ba ku amana." Ya juya da matarsa. Na gwammace ya mare ni.

Washegari Baba Datong ya sauko daga mota da buhun dankali a ka, ya tarar da kanofin makoki a ƙofar gidansa. Wasu baƙi da ba su ji an ƙaryata ba suna zaune, da suka gan shi suka watse, wata har ta bar ɗankwali. Yanzu ana dariyar abin. A lokacin ba mai dariya, matarsa tana kan gadon asibiti ana ƙara mata ruwa.

Mai unguwa ya kira mu ya yanke magana. Klaudiya ba za ta sake manna ko takardar alewa a unguwar ba, sai mai abin ya zo gabansa ya ce ya yarda. Masu wanki da ɗinki duk suka ce su kam a cire su. Ta kira Oga Obum tana kuka ko zai ɗaga mata ranar. Ina kusa, na ji muryarsa. Ya tambaya ko wani ya ji rauni, ta gaya masa na Mama Ana. Sannan ya ce ranar ba tasa ba ce shi kaɗai, ba ta ɗaguwa. Ya ce, "Kin so hoto ya yi magana, ya yi, duk unguwa ta ji. Saura ya faɗi abin da kike nufi."

Daga nan yarinya ta shige ɗaki. Ba ci ba sha. In na kai abinci sai in dawo in same shi yadda na ajiye. Mama tana bakin ƙofa da Littafi tana addu'a. A famfo mata suna nuna gidanmu da baki, wai ga gidan mai kashe mutane da kwamfuta. A wurin sana'a Baba Datong ya juya bencinsa ya ba ni baya, gurbin Jummare kuma wayam, har wani mai lemo ya fara ajiye baro a wurin. Ina soya dankali hawaye na zuba a mai.

Wata safiya na shiga na same ta tana zuba kayan zanenta a leda.

Na ce, "Ina za ki kai su?"

"Bola. Zan koma shagon Terminus in ci gaba da fostar jana'iza. Ai kin gani, ita hannuna ya iya. Ko mai rai na taɓa, gawa yake zama."

"Rufe mini baki! Babanmu ya hana a goge bangonsa don ki ƙare a bola?"

"Yaya, ki bar ni. Ba wanda zai yarda. Ko ke ce, za ki yarda?"

Na fizge ledar, na jefa mata zani na ce ta tashi. Ban san abin da zan yi ba fa. Na dai san ko makaranta ta ƙare, sai mun je mun durƙusa wa Baba Datong. Asibiti muka fara zuwa wurin Mama Ana, ta ji sauƙi har tana shan kunu. Ita ba ta riƙe ba. Ta shafa kan Klaudiya ta ce, "Ni dai na gode da ya dawo. Amma ku je ku ji da shi, kun san halinsa."

Muka same shi a rumfa yana fama da tayar keke. Muka durƙusa a cikin baƙin mai da ƙasa, mutane suna kallo.

Na ce, "Baba, mun zo ne."

"Wa kuka zo wurinsa? Ai ni na mutu. Ku je gidan, akwai sauran kujeru."

"Baba, yarinya ce, ka yi haƙuri."

"Yarinya? Mai karatun babbar makaranta? Na sa rigata mai kyau, na zauna mata kamar ango, ashe kabarina ake haƙa! Matata saura kaɗan ta riga ni. Ke Klaudiya, ubanki abokina ne, don shi na yafe. Amma ki ji da kyau. Fuskar nan ba za ta sake hawa bango ba sai ranar da Ubangiji ya kira ni."

Shi ke nan, na ce a raina, ta ƙare. Na taɓa ta mu tashi, ba ta motsa ba. Na duba, ashe ba fuskarsa take kallo ba. Duk faɗan nan da yake yi, hannunsa bai tsaya ba. Ya zaro tub, robar nan ta cikin taya, ya tsoma a ruwa ya gano inda ke kumfa, ya kankare, ya shafa sholisho, gam ɗin faci, da ɗan yatsansa wanda ƙarfen taya ya gutsure tun yana saurayi. Ko kallon abin ba ya yi.

A hankali ta ce, "Baba, hannu fa?"

"Hannun wa?"

"Naka. Ba fuska. Hannu kawai, yana aiki."

Ya tsaya ya kalli hannunsa gaba da baya. Wani direban keke da ke jiran tayarsa ya ce, "Baba, wa ka taɓa gani ya mutu aka manna hannunsa?"

"Kai kuma wa ya sa da kai?" Ya ci gaba da aiki. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kar in ga waya. Kar in ga kwamfuta. Su suka kashe ni."

A nan durƙushe ta zaro biro ta fara zana hannun a bayan takardar da nake naɗe awara. Da za mu tafi ta roƙe shi tsofaffin tub da ya tara a bayan rumfa. Ya ce ta kwashe, dama sauro suke tara masa.

Abin da ta yi da su ban taɓa ganin irinsa ba. Ta ce an taɓa nuna musu a aji yadda ake sassaƙa hoto a jikin wata roba ta musamman a buga shi kamar hatimi, amma ita da wannan za ta gwada. Ta yanka tub ta shimfiɗa, ta manne a katako da sholisho, ta zana hannun, ta riƙa yanke gefe-gefe da reza. Sai ta shafa fenti ta kifa a kan takarda ta hau ta taka. Na farko ya fito kamar an zubar da miya. Fenti ya yi ruwa. Ta rage ruwa, ya kama takarda ya yage. Farar takarda ta ƙi, ta koma takardar buhun siminti, ita ce ta sha fentin daidai. Taka da ƙafa ba ya kamawa ko'ina, ta ɗauko kwalbar lemo tana murzawa. Tsakar gidanmu ya cika da hannuwa a kan igiyar shanya. Baƙin fenti kuwa ta ce ko a mafarki, sai ruwan ɗorawa da ja da kore, kalar da ba wanda zai ce makoki.

Hannu ɗaya ba zai isa ba, kuma ta ce in babu Jummare aikin bai cika ba. Na ji labarin ta koma Terminus da tallarta. Klaudiya ta ce ba sai ta gan ta ba, hannun Jummare da ludayi da ƙwarya tun tana yarinya take kallonsu, ta sassaƙa daga ka. Har da nawa ta yi, da matsami a kan kasko. Ana jibi malamai za su zo ta gama. Na ce to mu je wurin mai unguwa. Ta ce a'a.

"Yaya, wancan karon 'yan ajinmu na nuna wa. Wannan karon masu hannun za su fara gani."

Muka hau keke zuwa Terminus. Muka yi ta kutsawa cikin masu gwanjo da masu tumatir, har muka hango ta a gindin wani shago. Da ta gan mu ta ɗaure fuska, amma idonta ya cika.

Na ce, "Ƙawata, haka za ki bar ni da mai lemo?"

"Ke ma kin san ba ni ba ce. Maigida ya ce ba ni ba hoto har abada."

Klaudiya ta durƙusa ta warware takardar. "Inna, ba fuska. Duba."

Jummare ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta ga ƙwarya, ta ga awarwaronta, har ta fara murmushi. Sai ta ɓata rai.

"Ke 'yar nan, ni kika zana?"

"E, Inna."

"Da hagu nake ba mutane nono? Wace uwa ce ta haife ni? Ki manna wannan, gobe a ce Jummare ba ta da tarbiyya, wa zai sake shan nonona?"

Klaudiya ta karɓe takardar ta duba, ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe abin da ka sassaƙa a dama, in ka kifa a takarda hagu yake komawa. Ta san da haka, an koya musu, gaggawa da rashin barci suka sa ta manta. Duka ukun haka suke. Ni ma da hagu nake miƙa dankali, gutsurarren yatsan Baba Datong ya koma ɗayan hannun. Ga malamai jibi za su zo.

Ta ce, "Yaya, ba zan iya ba. Hannuna ya mutu." Ta nuna mini yatsunta, duk reza ta tsattsaga.

Jummare ta dube ta, ta ɗebo nono a ƙwarya ta dama da fura ta miƙa mata. "Sha. Kin ga da wane hannu na ba ki? To riƙe shi a ka. Ki gyara, ni zan ji da maigida. Fuska ya hana, ban ji ya ce hannu ba. In ya yarda zai zo wurin mai unguwa da kansa."

Muka koma gida. Tub mai kyau ya ƙare, na je na roƙi Baba Datong, ya yi ta mita ya ba ni wanda ya ajiye don faci. Na rufe sana'a. Na naɗe mata yatsu da tsumma, tana yanka ina riƙe katako, Mama tana ɗora mana madubi a gaban zanen don ta riƙa ganin yadda zai fito. Ga damina, ga sanyin Jos, fenti ya ƙi bushewa. Muka hura gawayi a ɗaki muka rataye takardun a sama kamar kifi. Ana gobe da yamma aka yi ruwa har da ƙanƙara, ina jin ta a kan kwano ina cewa Yesu, ko bango ma ba zai bushe ba.

Ranar da safe gari ya washe. Baba Datong ya je gaban mai unguwa ya ce ya yarda. Abdulmuhaimin bai zo ba. Muka manna biyu, Klaudiya tana riƙe da ta Jummare a naɗe, tana kallon hanya. Har motar malamai ta tsaya, sai ga babur. Ya sauka ya ce a buɗe ya gani. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ƙwaryar nan uwata ce ta ba ta." Ya juya wurin mai unguwa ya ce a manna.

Oga Obum bai ko gaishe mu da kyau ba. Ya ce Klaudiya ta koma gefe, kar ta yi magana. Ya tare wata tsohuwa mai ɗauke da itace, ya nuna mata bango ya ce, "Mama, me kika gani?"

Tsohuwar ta sauke itacen. Ta matsa kusa. Tana cikin kallo, sai na ga ta ɗaga hannu sama wajen kanta. Klaudiya ta damƙe ni har farcenta ya shiga namana. Ashe gammo za ta gyara.

Ta ce, "Wannan ai Datong ne. Ga guntun yatsan. Kullum yana cikin aiki kamar an aiko shi. Ya aka yi, ya buɗe sabuwar rumfa ne?"

Ya tare wani ɗan keke, ya ce shi yunwa hoton ya sa masa, ina mai dankalin? Ya tare wata mai goyo, ta ce, "Lah, Jummare ta dawo? Tun yaushe nake neman kindirmo." Jummare ba ta ma wurin. Wani kuma ya ce shi bai gane komai ba, kala dai ta yi kyau, Oga Obum ya rubuta wannan ma. Ba wanda ya tambaya wa ya rasu.

Daga ƙarshe ya kira ta ya ce me ta koya. Na zaci za ta yi dogon Turanci. Da Hausa ta amsa. Ta ce da tana tsammanin hoto nata ne tunda ita ta yi. Yanzu ta gane rabinsa ne nata, sauran rabin yana cikin kan mai kallo tun kafin ta zo, kuma in ba ta je ta tambaya ba, ba za ta san me ke ciki ba. Ya shafa takardar da yatsa, ya sunsuna, ya tambaya wace irin roba ce. Baba Datong ya amsa daga rumfa, "Tawa ce, oga! Ta tayar keke!"

Suka shiga mota suka tafi ba su gaya mana ci ko faɗuwa ba. Zaman jiran nan ma wani ciwo ne. Ranar da sakamako ya fito ina tsakiyar suya ta zo da gudu tana ɗaga mini kai. Ta ci! Autarmu ta ci! Na bar dankali ya ƙone, na yi rawa a tsakiyar Tina Junction har keke suna mini oda. Jummare, da ta dawo gurbinta mai lemo ya matsa, ta rangaɗa guɗa. Oga Obum ma wai ya karɓi katakon guda ɗaya ya ajiye a ofis yana nuna wa 'yan aji.

Ruwa ya cinye na bangon, amma ta buga wa Baba Datong sabo, ya sa a leda ya rataye a saman rumfa. Kullum sai ya yi ƙorafi wai ta rage masa yatsa fiye da yadda yake. Shekaranjiya tana zaune tana taya ni yanka awara, ya leƙo ya ce, "Ke Klaudiya, ranar da na mutu na gaske, wannan za ku manna mini. Ban son waccan fuskar."

Ta ce, "Haba Baba, ba ni ba. In muka manna wannan ba wanda zai zo gaisuwa. Taya za su yi ta kawo wa Mama Ana."